Puntland ba ta ɓalle ba, kujeru 66 ne ke riƙe da ita

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu yi gyara a kan wani kuskure da ya zama ruwan dare a rahotannin Hausa game da Somaliya. Tun da yaƙi da 'yan IS ya yi zafi a duwatsun arewa maso gabashin ƙasar a farkon 2025, sunan Puntland ya yawaita a jaridu da rediyo, kuma sau da yawa sai a maƙala mata "yankin da ya ɓalle" ko "yankin 'yan aware". Wani lokaci ma a haɗe ta da Somaliland kamar Hassan da Usaini. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Puntland ba ta taɓa shelanta ficewa daga Somaliya ba, kuma wanda bai riƙe wannan ba ba zai gane dalilin rigimarta da Mogadishu ba, balle ya gane abin da ke haɗa ta faɗa da maƙwabciyarta ta yamma.

Somaliland ce ta ce ta fita. Ta shelanta haka a garin Burao ranar 18 ga Mayun 1991, ta buga kuɗinta, ta yi fasfonta, hujjarta kuma ita ce iyakar da Turawan Ingila suka shata tun zamanin mulkin mallaka, da 'yancin da ta samu ranar 26 ga Yunin 1960 kafin ta haɗe da kudu ranar 1 ga Yuli. Puntland ta zo bayan shekara bakwai, kuma tun ranar da aka raɗa mata suna ta kira kanta jiha a cikin tarayyar Somaliya, alhali a lokacin babu tarayyar, babu ma gwamnatin tsakiya. Mutuminta da fasfon Somaliya yake tafiya, tana da 'yan majalisa a Mogadishu, tutarta ma tana ɗauke da farin tauraron nan a kan shuɗi. Hujjarta ba iyakar Bature ba ce, dangantaka ce ta jini. Ɗaya na auna ƙasarta da taswira, ɗaya na auna tata da asalin kakanni, shi ya sa suke ikirarin wurare guda.

Sai an fahimci wannan maganar ta jini tukuna. Somaliyawa harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, galibi 'yan mazhabar Shafi'iyya ne. Abin da ya raba su shi ne dangi, kwatankwacin yadda Fulanin Kano suka kasu zuwa Sulluɓawa da Yolawa da Joɓawa da Dambazawa, sai dai a can dangi shi ne kotu, shi ne inshora, shi ne rundunar tsaro. Idan aka yi kisa, dangin mai laifi ne ke haɗa diyya da raƙuma bisa dokar gargajiya da suke kira heer. Puntland gidan Harti ne, wani reshe na babban dangin Darod. A cikin Harti akwai Majerten, waɗanda su ne mafi yawa, suna zaune a yankunan Bari da Nugal da arewacin Mudug, sai Dulbahante a Sool da Buhodle, sai Warsangali a gabashin Sanaag, sai Dishishe a kewayen Bosaso. An kuma shigo da 'yan uwansu na Darod irin su Lelkase da Awrtable. To, Dulbahante da Warsangali ƙasarsu ta faɗa cikin tsohuwar iyakar Ingila, wato cikin taswirar Somaliland. Nan gizo ke saƙar.

Yankin ba baƙon mulkin kai ba ne. Kafin zuwan Turawa akwai daular Majerten a bakin teku, sarkinta ana ce masa boƙor, tana cinikin lubban da dabbobi da Larabawan Aden. Boƙor Usman Mahmud ya sa hannu a yarjejeniyar kariya da Italiya a 1889, ɗan uwansa kuma abokin hamayyarsa Yusuf Ali Kenadid, wanda ya kafa tasa daular a Hobyo, shi ma ya yi tasa. Italiya ta bar su suna mulkinsu tana ba su ɗan alawus, sai da 'yan Fasist suka hau mulki aka turo gwamna De Vecchi ya murƙushe daulolin biyu da yaƙi tsakanin 1925 da 1927. Bayan samun 'yanci, 'yan Majerten ne suka fi kowa baki a siyasa: Abdirashid Ali Sharmarke ya yi firaminista daga 1960, Abdirizak Haji Hussein ya gaje shi a 1964, Sharmarke ya dawo shugaban ƙasa a 1967. An harbe shi a Las Anod ranar 15 ga Oktoban 1969, bayan kwana shida Siad Barre ya yi juyin mulki.

Daga nan rana ta juya musu baya. Bayan Somaliya ta sha kashi a hannun Habasha a yaƙin Ogaden, wasu hafsoshi, akasarinsu Majerten, suka yi yunƙurin kifar da Barre a watan Afrilun 1978, abin bai yi ba, aka harbe 17. Kanar Abdullahi Yusuf Ahmed ya tsere, ya kafa ƙungiyar tawaye a Habasha wadda daga baya ta zama SSDF, ita ce ta fara ɗaukar makami a kan Barre. Gwamnati ta huce a kan makiyayan Mudug. Sojoji suka riƙa fasa tafkunan siminti da ake tara ruwan sama a ciki, waɗanda ake kira berkad, a ƙasar da in ba su ba dabba ba ta kai wa damina. Mutane da dabbobi suka mutu da ƙishirwa. Duk wanda ke mamakin yadda ɗan Puntland ke jin tsoron gwamnatin tsakiya mai ƙarfi, ya tuna da wannan. Sai kuma abin da ya biyo bayan faɗuwar Barre a Janairun 1991, lokacin da aka riƙa farautar 'yan Darod a Mogadishu, dubban iyalai suka baro gidajensu da shagunansu suka koma ƙasar kakanni. Da su ne Bosaso ta tashi daga ƙaramin gari ta zama babbar kasuwa, a yankin da a da ake yi wa laƙabi da Gari-wa, wato inda mota ba ta kaiwa.

Shekara bakwai SSDF da sarakunan gargajiya suka yi suna lallaɓa yankin ba tare da gwamnati ba. Sun kori mayaƙan ƙungiyar masu kishin Islama ta al-Ittihad daga Bosaso a 1992, sun ƙulla sulhun Mudug da Janar Aidid, jagoran mayaƙan dangin Hawiye, a 1993, wanda ya raba Galkayo gida biyu: arewa ta Darod, kudu ta Hawiye, wadda yau take ƙarƙashin jihar Galmudug. Gari ɗaya ne, hukuma biyu, 'yan sanda biyu, haraji biyu. Mutumin Jos ba ya buƙatar dogon bayani a kan yadda gari ke rabuwa har mutum ya san layin da in ya tsallaka sai ya yi taka-tsantsan. Da taron sulhun ƙasa na Alƙahira ya watse musu a ƙarshen 1997, sai suka ce tun da an kasa gina ɗaki daga jinka, bari kowa ya fara aza harsashinsa. Ɗaruruwan wakilai suka zauna a Garowe, wadda yau ita ce babban birnin jihar, daga watan Mayun 1998, kusan wata uku ana kai ruwa rana, aka kafa Puntland ranar 1 ga Agusta, da Abdullahi Yusuf a matsayin shugaba. Sunan an aro shi ne daga ƙasar Punt da Misirawan dā ke zuwa sayen turare, domin suna ne da babu dangin da zai ce nasa ne.

Abin da aka ƙulla a Garowe rabon kujeru ne, kuma har yau shi ne ƙashin bayan jihar. Majalisa tana da kujera 66, kowace an san dangin da ke da ita, har zuwa ƙaramin reshe. Shugaban jiha daga Majerten, mataimaki daga Dulbahante, kakakin majalisa daga Warsangali. Ga yadda ake yi idan wa'adin shekara biyar ya ƙare. Manyan sarakunan gargajiya, da ake kira isimo, su ne masu riƙe da sarautun boƙor da garad da islan da suldan, kowane yana zama da dattawan rassan da ke ƙarƙashinsa su tsayar da wanda zai hau kujerarsu, ya sa hannu a takarda. Takardun sai su tafi gaban wani kwamitin tantancewa da sasanta rikici. Kwamitin ya fitar da sunaye 66, a rantsar da su, su zaɓi kakaki, sannan ranar 8 ga Janairu su shiga zaure guda su zaɓi shugaba da mataimakinsa ta hanyar ƙuri'ar sirri, zagaye bayan zagaye ana zubar da na baya har a rage biyu. Kamar masu zaɓen sarki ne, sai dai su 66 ne ba huɗu ba, kuma duk shekara biyar ake sake naɗa su.

Inda abin ke lalacewa a bayyane yake. Shugaba mai ci ne ke naɗa kwamitin tantancewa, alhali shi ma ɗan takara ne. Idan reshe guda ya kawo sunaye biyu, kowanne da sa hannun wani dattijo, kwamitin ne ke cewa wanne ne na gaskiya, kuma ba wuya a samar da sunaye biyun: a ɗauko wani ɗan gidan sarauta a naɗa shi kishiyar mai ci, shi ke nan an sami sa hannu na biyu. Da haka sarautu suka yi ta ninkuwa, kwarjininsu na raguwa. Sannan mai neman mulki ba ya buƙatar ya shawo kan miliyoyin jama'a, mutum 34 kawai yake nema, kuma kowa ya san farashin ƙuri'a yana tashi ne gwargwadon ƙarancin masu jefa ta. Mata kuwa sai dai su yi kallo, domin dangi ba ya son ba da kujerarsa tilo ga wadda ake ganin 'ya'yanta na dangin mijinta ne. A majalisar da aka rantsar gab da zaɓen 2019 mace ɗaya ce cikin 66.

Duk da haka a yi wa tsarin adalci. Ya sauya shugabanni ba tare da zubar da jini ba sau da yawa, abin da Mogadishu ta daɗe tana nema. Janar Mahmud Muse Hersi, wanda aka fi sani da Adde Muse, ya hau a 2005, Abdirahman Farole ya karɓa a 2009. A Janairun 2014 Farole ya yi ta jan gaba a zagayen farko, amma a na ƙarshe Abdiweli Gaas ya kayar da shi da ƙuri'a 33 da 32, ya kuma amince nan take. Ƙuri'a ɗaya tal, mai mulki da sojoji a hannu ya miƙa. Said Abdullahi Deni ya ci a 2019 da 35 da 31. Sirrin abin shi ne karɓa-karɓa da ba a rubuta ba tsakanin gidaje uku na zuriyar Mahmud Saleban: Umar Mahmud, gidan Abdullahi Yusuf da Gaas, Usman Mahmud, gidan Adde Muse da Deni, da Isa Mahmud, gidan Farole. Mu a Filato mun san irin wannan, yadda kujerar gwamna ta zagaya daga Dariye a shiyyar tsakiya zuwa Jang a arewa, zuwa Lalong a kudu, ta dawo tsakiya. Wanda ya faɗi yana haƙuri ne domin ya san layi zai zo kansa. Amma a lura, gidaje uku ne kawai a layin. Sauran rassan Majerten da sauran dangogi 'yan rakiya ne, kuma za mu ga abin da hakan ya haifar a duwatsu.

Duk lokacin da jini ya zuba a siyasar Puntland, in ka bincika za ka tarar wani ne ya taɓa wa'adi ko layin. An ba Abdullahi Yusuf shekara uku ya yi ƙidaya, ya kammala tsarin mulki, ya shirya zaɓe. Bai yi ko ɗaya ba, majalisa ta ƙara masa wa'adi a 2001, sarakuna suka ce ba su san zancen ba. Alƙalin alƙalai Yusuf Haji Nur ya karɓi riƙo, taron dattawa ya zaɓi Jama Ali Jama a watan Nuwamba. Abdullahi Yusuf ya koma Galkayo ya tattaro mayaƙa, ya shafa wa abokan hamayyarsa baƙin fentin ta'addanci a daidai lokacin da duniya ke cikin zafin harin 11 ga Satumba, ya sami goyon bayan Habasha, ya ƙwace Bosaso a Mayun 2002. Sai a 2003 aka yi sulhu, a Oktoban 2004 kuma aka zaɓe shi shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya ta Somaliya a Nairobi, ya kwashi sojoji da kuɗin Puntland ya nufi kudu da su.

Zaɓen kowa da ƙuri'arsa kuwa ya zama ta leƙo ta koma. An amince da tsarin mulkin jihar a Afrilun 2012, Farole ya shirya zaɓen ƙananan hukumomi a Yulin 2013, aka soke shi ana jajiberi bayan tarzoma a Kardo da ta ci rayuka. Deni ya fi shi nisa. Ranar 25 ga Oktoban 2021 aka gwada a gundumomi uku, Kardo da Eyl da Ufeyn, jama'a suka yi layi suka jefa ƙuri'a da hannunsu, abin da ba a gani ba a wajen Somaliland tun 1969. Ranar 25 ga Mayun 2023 aka yi a gundumomi 30, amma ban da Garowe kanta da wasu biyu na yankin Nugal, inda 'yan adawa masu makamai suka hana shigo da kayan zaɓe. Dalilinsu ba ƙin dimokuraɗiyya ba ne kawai. Gidan Isa Mahmud, mazauna Nugal, na ganin layi ya zo kansu, ga shi ana son sauya dokar wasa ana tsakiyar wasa, kuma jam'iyyar shugaba, Kaah, ita ke da gwamnati da aljihu. Da majalisa ta zauna gyaran tsarin mulki ranar 20 ga Yunin 2023, faɗa ya ɓarke a tsakiyar Garowe, mutum sama da ashirin suka mutu. A watan Disamba Deni ya janye, aka koma wa kujeru 66. Ranar 8 ga Janairun 2024 ya ci da ƙuri'a 45, Guled Salah, tsohon shugaban hukumar zaɓen da ya shirya gwajin 2021, ya sami 21. Deni ne na farko da majalisa ta sake zaɓa karo na biyu a jere. A ganinmu wannan nasarar ta fi kowace barazana haɗari ga jihar, domin ta karya karɓa-karɓa ba tare da ta kawo akwatin zaɓen da zai maye gurbinta ba.

Yanzu batun kuɗi, wanda rahotanni ba su cika taɓawa ba. A Najeriya kuɗin kwastan da na mai Abuja suke zuwa, a raba duk wata. A Somaliya akasin haka ne: mai tashar jiragen ruwa shi ke riƙe kuɗin fitonta. Gwamnatin tarayya na ci daga tashar Mogadishu, jihar Jubaland daga Kismayo, Puntland daga Bosaso. Ta Bosaso ake fitar da awaki da tumaki da raƙuma zuwa ƙasashen Larabawa, musamman gab da aikin Hajji, da lubban, ɗanyen ƙaron wata bishiya 'yar uwar ararraɓinmu, da kifi. Ta nan kuma shinkafa da sukari da man fetur da siminti ke shigowa su bi titi ɗaya tilo mai kwalta zuwa Kardo da Garowe da Galkayo. Jiha ce da ta daɗe da ƙofa ɗaya kenan. Da Saudiyya ta hana shigo da dabbobin yankin a 1998, ta sake hanawa a 2000 saboda zazzaɓin dabbobi, ba ta ɗage ba sai 2009, baitulmali ya ji a jikinsa. A 2017 an ba kamfanin P&O Ports na Dubai tashar na shekara 30 a kan yarjejeniyar dala miliyan 336, a 2022 kuma aka buɗe sabuwar tasha a Gara'ad wadda 'yan kasuwar yankin suka haɗa kuɗi suka gina. Idan kuɗi ya yanke, gwamnatocin baya kan koma buga takardar shilin dubu a Bosaso su biya sojoji, darajarta ta zube, 'yan kasuwa su ƙi karɓa. Shi ya sa yau ko shayi mutum zai sha, da dala yake biya ta wayar salula.

Rashin albashi shi ne uwar matsalolin tsaro. A 2008 gwamnatin Adde Muse ta yi watanni ba ta biya jami'an tsaro ba, a shekarar ce kuma fashin teku ya bunƙasa a Eyl da Gara'ad. Sana'a ce mai tsari: mai jari ya sayi kwale-kwale mai inji da mai da tsani da bindigogi, matasa su tafi cikin babban jirgin kamun kifi da suka ƙwace domin su yi nisa, in sun kama jirgi su kawo shi gaɓar danginsu su kafe, 'yan gari su riƙa ba su abinci da ganyen kat da ake taunawa bashi, mai jin Turanci ya yi ciniki na watanni, a ƙarshe ƙaramin jirgin sama ya jefo kuɗin fansa a raba bisa kaso. A 2011 an ƙirga hare-hare 237. Abin ya lafa daga 2012 saboda masu gadi da makamai a kan jirage, da sintirin sojojin ruwan ƙasashen waje, da wa'azin malamai da ya sa iyaye suka fara ƙin ba 'yan fashi aure, da kuma rundunar 'yan sandan ruwa ta Puntland, PMPF, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗauki nauyi tun 2010. Ita ce ta kuɓutar da ma'aikata 22 na jirgin Iceberg 1 a Disamban 2012 bayan kusan shekara uku a tsare.

Amma kowace runduna da ubangidanta. PMPF na kallon Larabawa da fadar shugaba, PSF, rundunar yaƙi da ta'addanci, Amurka ce ta raine ta kuma ta daɗe a hannun gida guda, Darawish kuwa haɗin gambizar mayaƙan dangi ne. Da Deni ya sauke kwamandan PSF, Mahmud Usman Diyano, a ƙarshen 2021, ya ce ba ya sauka, aka yi kwanaki ana luguden wuta a cikin Bosaso tsakanin rundunoni biyu na gwamnati guda, dubban mutane suka bar gidajensu. Masu muhawarar 'yan sandan jihohi a nan gida su dubi wannan da kyau. Samun rundunar jiha ba shi ne wuyar ba. Wa ke biyan albashi, wa ke naɗa kwamanda, kuma in an sauke shi zai sauka?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2005 gwamnati ta ba kamfanin Range Resources na Ostireliya izinin neman ma'adinai da mai ba tare da ta shawarci masu ƙasa ba. Warsangali suka ɗauki makami a duwatsun Galgala, Muhammad Said Atom ya jagorance su, tafiya ta yi tafiya ƙungiyar ta rikiɗe ta zama reshen al-Shabab. Man ma da aka haƙa rijiyarsa a kwarin Daror a 2012 ba a sami na sayarwa ba. Daga cikin mayaƙan Galgala ne Abdulƙadir Mumin, wanda ya yi zama a Suwidin da Ingila, ya ɓalle ya yi wa IS mubaya'a a Oktoban 2015, ya koma duwatsun Al Miskad, ƙasar danginsa Ali Saleban, ɗaya daga rassan da ba sa cikin layin shugabanci. Ya riƙe garin Kandala daga Oktoba zuwa Disamban 2016. Daga baya ƙungiyar ta koma karɓar harajin dole daga 'yan kasuwar Bosaso, ta tara baƙin mayaƙa, ta zama mahaɗar kuɗin IS a wannan sashe na Afirka. Farmakin da Puntland ta ƙaddamar a ƙarshen 2024 ya ci wurare da dama da taimakon jiragen Amurka da na Larabawa, kuma abin da ya bambanta shi da na baya shi ne sai da aka zauna da dattawan yankin kafin a hau dutse. Sojojin jiha ne suka yi yaƙin, ba rundunar tarayya ba, kuma Garowe ba ta gajiya da tuna wa Mogadishu haka.

A yamma kuwa Puntland ta yi cinikin biri a sama. Ta kama Las Anod a ƙarshen 2003, Somaliland ta ƙwace a Oktoban 2007, suka sake gwabzawa a Tukarak a 2018. Da kisan wani matashin ɗan siyasa ya tayar da bore a Las Anod a Disamban 2022, sarakunan Dulbahante suka shelanta ranar 6 ga Fabrairun 2023 cewa ba sa ƙarƙashin Somaliland. Mayaƙa da makamai da asibitocin Puntland sun taimaka har sansanin sojojin Somaliland na Goja'ade ya faɗi ranar 25 ga Agusta. Amma da ƙura ta lafa, Dulbahante ba su dawo gidan Harti ba. Suka ce jiharsu suke so, Mogadishu ta karɓe su hannu bibbiyu, a 2025 aka kafa jihar Arewa maso Gabas da hedikwata a Las Anod. Ga shi kuwa Dulbahante na da kujera 17 a majalisar Garowe, da kujerar mataimakin shugaba, wadda Ilyas Usman Lugator ke kai. Wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zaɓen shugaban Puntland suna wakiltar ƙasar da ba ta hannun Puntland.

Rigimar da Mogadishu ita ce ta fi jawo kalmar "ɓallewa", alhali rigima ce ta masu gida ɗaya. A Garowe aka yi tarukan 2011 da 2012 da suka share fagen tsarin mulkin wucin gadi na Somaliya, wanda aka amince da shi ranar 1 ga Agustan 2012. Ya keɓe wa tarayya abu huɗu: harkokin waje, tsaron ƙasa, zama ɗan ƙasa da shige da fice, da sha'anin kuɗin ƙasa. Sauran, har da rabon arziki da mai da kifi, ya ce sai an yi shawara da jihohi. Tsarin mulkin Puntland kuma ya tanadi cewa za ta riƙe ikon ƙasa mai cin gashin kanta har sai an kammala na tarayya an yi masa ƙuri'ar raba gardama. Wannan sandar ce kowane shugaba ke ɗagawa: Farole ya yanke hulɗa a Agustan 2013, Deni ya yi a Janairun 2023. Akwai kuma ƙullin zuciya. Deni ya nemi shugabancin Somaliya a Mayun 2022, shi ya zo na ɗaya a zagayen farko, da ya faɗi ya mara wa Hassan Sheikh Mahmud baya, shi kuma ya kayar da shugaba mai ci Farmajo da 214 da 110. An yi zaton za a saka masa da kujerar firaminista, sai aka ba Hamza Abdi Barre. Ranar 30 ga Maris 2024 majalisar tarayya ta gyara babi huɗu na farko na tsarin mulki ba da Puntland ba, ta ƙara wa shugaban ƙasa iko a kan firaminista, ta kawo zaɓen kai tsaye. Washegari Garowe ta ce ta janye amincewa da hukumomin tarayya har sai an sami tsarin mulkin da kowa ya yarda da shi. Hujjarta tana da ƙarfi. Sai dai mai ɗaga ta shi ne mutumin da ya gyara tsarin mulkin jiharsa a 2023 'yan adawa na ihu, laifi tudu ne.

Don haka roƙonmu ga teburin labaranku ƙarami ne. A rubuta "jihar Puntland mai ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a tarayyar Somaliya", a bar "ɓallewa" ga Somaliland da ta furta da bakinta. A daina kiran Bosaso babban birninta, Garowe ce. Idan an kawo labarin Galkayo a faɗi wane ɓangare ake nufi, idan na Las Anod ne a tuna yanzu masu ikirarinta uku ne. Wa'adin Deni zai cika a Janairun 2029, kuma kafin nan dole a yanke hukunci a kan kujeru 17 na Dulbahante da kuma wanda zai naɗa kwamitin tantancewa na gaba.

Wassalam.

Wasu masu karatunku,
Jos, Jihar Filato